Faɗin Halin Teku na Gobe, Shin Duba Ne?

In mutum ya ce maka jibi teku za ta hau tudu, kai kuwa ka kwashe iyalinka saboda maganarsa, shin ka gaskata ɗan duba ke nan? Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu ga yadda masanan nan su ke aikinsu.

Abu biyu su ke haɗawa, awo da lissafi. Wajen awo, tun shekarar 2000 ƙasashe suka haɗa kai suna zuba waɗansu na'urori cikin teku, ana kiransu Argo, yawansu ya kai wajen 4,000. Kowace takan nutse har zurfin mita 2,000, sa'an nan ta taso tana auna ɗumin ruwa da gishirinsa, ta aika da labari ta tauraron ɗan Adam. Haka ta ke yi duk kwana 10. Amma fa teku ta rufe kashi 71 cikin 100 na duniya, watau awon nan kamar cikin cokali ne a Kogin Kwara.

Don haka sai a koma ga lissafi. Kwamfuta takan yanka teku gida-gida kamar dara, kowane gida wajen kilomita 9, ta lasafta inda iska da zafin rana za su kora ruwan. Lissafi yana kai wa inda ido bai kai ba, amma in an bar shi shi kaɗai, ɗan kuskuren yau sai ya zama babba cikin mako. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin jangali ya san wannan: shanun da ke rubuce dabam, na ruga dabam, sai an fita an ƙirga. To, haka nan kullum a ke gyara lissafin teku da sabon awo, kana a sake bugawa.

A ganina nan ne suka rabu da ɗan duba. Shi in maganarsa ta faɗi ƙasa sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Su kuwa rubuta kuskurensu su ke yi, su auna girmansa, kuma ba su cewa lalle, sai dai mai yiwuwa ne. Wannan ba da'awar sanin gaibu ba ce, kirdado ne irin na manomi da ya ga hadari ya haɗu gabas.

Duk da haka akwai nauyi. In sun yi gargaɗi ruwa bai zo ba, masunci ya yi hasarar kamun kwanaki, wata rana ba zai saurare su ba. In sun yi shiru kuwa fa? A 1970 guguwa ta koro teku kan ƙasar da yanzu a ke kira Bangaladash, mutum wajen 300,000 suka hallaka. A 2007 wata mai ƙarfi ta sake zuwa, amma an riga an yi shela, an kuma gina mafaka, waɗanda suka rasu ba su kai 5,000 ba.