Farashin Wasan Kwamfuta da Haƙƙin Mai Gumi



Wataƙila wani zai yi mamakin ganin zancen wasa a shafin da aka saba karanta hukuncin zakka da rabon gado. Dalilinmu shi ne kuɗi ya shiga cikin wannan wasa, kuma duk inda kuɗi ya shiga, to, haƙƙi ya biyo bayansa. A Maraɗi da Tasawa da Mayahi akwai rumfunan da aka ajiye talabijin da na'urar PlayStation, samari na biyan 'yan canji suna buga ƙwallo da yatsu. A garuruwan karkara irin Baudeta kuwa, salula ce ke ɗauke da wasan a aljihun yaro. Da yawa daga cikin waɗannan wasanni ba sayensu aka yi daga masu su ba, tura su aka yi daga wata na'ura zuwa wata. Tambayarmu ita ce: shin an ci haƙƙin wani? Idan an ci, na wane ne?

Sai mu fara sanin waɗanda ke cikin cinikin. Na farko su ne maƙeran wasan: masu zane, da masu rubuta wa kwamfuta umarni, da masu haɗa sauti, da waɗanda aikinsu shi ne su yi ta maimaita wasan suna neman kuskure. Babban wasa kan ci mutane ɗaruruwa shekara huɗu ko biyar, har fiye. Takardun da suka fito a wata kotun Amurka a 2023 sun nuna cewa wani wasa guda na kamfanin Sony, wanda ya fito a 2020, ya laƙume dalar Amurka wajen miliyan 220. Na biyu shi ne mai jari, wanda ke ba maƙeran kuɗin aiki tun ba a ga komai ba, ya yi talla, ya kai kaya kasuwa. Yawanci sai ya fara cire abin da ya zuba kafin maƙeri ya ga rabonsa. Duk manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da damina don ya biya da kaka ya san wannan tsari, ya kuma san wanda bakinsa ke sama a cikinsa. Na uku shi ne mai rumfa, wato kasuwar intanet da ake sayar da wasan a cikinta. Babbar kasuwar wasannin kwamfuta, Steam, tana karɓar kashi 30 cikin ɗari a kan yawancin abin da aka sayar. A ƙarshen 2018 kamfanin Epic Games ya buɗe tasa rumfar ya ce kashi 12 zai riƙa karɓa, a 2021 kuma Apple da Google suka sauko wa ƙananan maƙera zuwa kashi 15. Wannan saukowa kaɗai ta isa ta nuna mana cewa la'adar dillali ba wahayi ba ce.

Farashin kuwa, kusan shekara goma sha biyar sabon babban wasa na tsaye a kan dalar Amurka 60. A 2020 aka fara ɗaga shi zuwa 70, a 2025 kuma Nintendo ta sayar da Mario Kart World a kan 80. Dalar Amurka fa muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba. Dala 70 ta kai wajen jika arba'in, alhali mafi ƙanƙantar albashi da doka ta yanka a Nijar tun Janairun 2024 jika arba'in da biyu ne. Ke nan wasa ɗaya daidai yake da gumin leburan wata guda. Babu mai hankalin da zai sa ran matashin Baudeta ya biya wannan.

Daga nan ne hujjar mai kwafi ke tasowa, kuma bai kamata mu rena ta ba. Yana cewa: wanda ya saci akuya ya bar mai ita babu akuya, ni kuwa da na kwafi wasa, na mai shi na nan a hannunsa bai ragu ba. Kuma ko da ban kwafa ba, ba zan taɓa saye ba, domin ba ni da halin saye. Me na rage masa?

Mu ɗauki misalin abin da muka sani. A ƙasarmu ruwa na da nisa. Mutum ne ya ce wa gari: ni zan haƙa rijiya da dukiyata da ƙarfina, amma duk wanda zai ja ruwa ya ba ni abu kaɗan har in mayar da abin da na kashe. Gari ya yarda. Da aka kai ga ruwa sai kowa ya riƙa zuwa da dare yana ja, yana cewa ai gugana ɗaya bai ƙafar da rijiya ba. Gaskiyarsa, bai ƙafar ba. Amma mai haƙa ya kashe dukiyarsa duka tun kafin guga na farko, kuma ba shi da wata hanyar mayar da ita sai ta waɗannan gugunan da kowa ke ganin ba komai ba ne. Abin da aka ɗauke masa shi ne sharaɗin da ya yi aiki a kansa. Wanda zai fi jin zafin abin kuma shi ne gari na gaba, domin babu wanda zai sake haƙa musu.

Magabatanmu ba su sha fama da wannan mas'ala ba, saboda a zamaninsu kwafi kansa aiki ne. Malamin da ya zauna da alƙalami da tawada ya rubuta Risala ko Ishriniya da hannu yakan ɗauki makonni, kuma ladan wannan zaman ake ba shi. Wahala da kwafi a haɗe suke. Na'ura ce ta raba su: wahalar duka ta koma kan na farko, na biyu da na dubu kuwa suka zama aikin ƙiftawar ido. Shi ya sa malaman fiƙihu na wannan zamani suka sake zama a kai. Tun da can akwai saɓani a kan ko amfanin abu dukiya ne. Magabatan Hanafiyya sun taƙaita dukiya ga abin da ake iya riƙewa a ajiye, jumhuru kuwa, har da Malikiyya, sun lissafa amfani cikin dukiya. A watan Disamba na 1988 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, mai mazauni a Jidda, ta yi zamanta na biyar a Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta dukiya, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka ƙi wannan, musamman a kan littattafan addini, don tsoron ɓoye ilimi. Amma wasan ƙwallo na talabijin ba ya cikin ilimin da ake tsoron ɓoyewa.

Ba sai mun je ƙasar Turawa ba kafin mu ga abin da rashin biya ke yi wa sana'a. Ga Kano nan kusa da mu. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, daga nan sana'ar fim ɗin Hausa ta kafu a kan kaset. Masu ita sun san ba za su iya hana kwafi ba, sai suka yi wata dabara: mai fim ya buga kwalin kaset mai hoto, ya kai wa 'yan kasuwa irin na Ƙofar Wambai tare da uwar kaset, su su yi ta kwafa da kansu, shi kuma a biya shi gwargwadon kwalin da aka sayar. Haƙƙin mai fim, a taƙaice, cikin kwali yake zaune. Da faifan CD ya zo an ci gaba da lallaɓawa. Da salula da memori suka zo, aka shiga tura fim a bakin kasuwa da kuɗi ƙalilan, sai kwali ya mutu, haƙƙin da ke cikinsa ya bi shi. Shagunan faifai suka yi ta rufewa. Mu nan Nijar muna cikin manyan masu kallon waɗannan finafinai, don haka muna cikin lissafin.

Fim bai ƙare ba, amma ku dubi yadda ya koma. Ya koma tashoshin talabijin irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da YouTube, inda masu talla ne ke biya gwargwadon yawan masu kallo da daɗewarsu. Sai labarin da zai ƙare cikin awa biyu ya zama mai dogon zango, ana ja ana ja, wata da watanni. Mai biya shi ke faɗin irin ɗinkin da za a yi masa, mu kuwa mun fita daga sahun masu biya.

Haka ya faru ga wasanni, kuma a nan ne abin ya shafi gidajenmu kai tsaye. Da kamfanoni suka ga akwai miliyoyin mutanen da ba za su sayi wasa ba, sai suka ba da shi kyauta. Free Fire, wanda ya fito a 2017, kyauta ake ɗaukarsa. Wasan ƙwallon Konami da samari suka sani da PES ya koma kyauta a 2021 da sunan eFootball. To, ina albashin maƙera ke fitowa? Daga cikin wasan. Ana sayar wa yaro riga da bindiga da ɗan wasa na hoto, a wasu wasannin ma ana sayar masa da akwati a rufe, bai san abin da ke ciki ba sai ya biya. Duk wanda ya karanta babin ciniki ya san sunan sayar da abin da ba a san shi ba. Hukumar caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna caca ne. A Disamban 2022 Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 520 a gaban hukumar kare masu saye ta Amurka, miliyan 245 daga ciki don mayar wa mutanen da aka ja su ga sayen abin da ba su yi niyya ba. Wanda ya sayar maka da wasa gaba ɗaya, buƙatarsa wasan ya yi kyau ka biya ka tafi. Wanda ya ba ka kyauta, buƙatarsa kada ka tashi. Maƙerin da a da yake tunanin yadda zai ƙayatar, yanzu an sa shi tunanin yadda zai riƙe yaro har bayan isha'i.

Kada a ɗauka muna wanke manyan kamfanoni. A Oktoban 2023 Microsoft ya sayi kamfanin wasanni na Activision Blizzard a kan dalar Amurka wajen biliyan 69, bayan wata uku ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanninsa. Wata guda bayan haka Sony ya sallami wajen 900. Ba yaron Baudeta ne ya kore su ba, kuma waɗanda suka biya dala 70 cif ba su tsare musu aikinsu ba. Cikakken farashi na iya shiga aljihun mai jari ya tsaya can. Kuma mai kaya da ya yanka wa mutumin Tasawa farashi ɗaya da mutumin Landan, ya ce sai da katin banki za a biya, shi ma ya taimaka wajen rufe ƙofar halas. An gwada sassauci: Steam ta daɗe tana barin a sayar da rahusa a ƙasashe masu raunin kuɗi irin Turkiyya da Ajantina. Sai kuɗin ƙasashen ya yi ta faɗuwa, mawadatan wasu ƙasashe kuma suka riƙa ɓad da kama suna saye a rumfar talakawa, har a Nuwamban 2023 aka mayar da farashin ƙasashen biyu zuwa dalar Amurka. Mai hali ya ci rabon marar hali.

Sai dai zaluncin dillali bai taɓa halatta wa mai saye kayan manomi ba. Larura kuma, wadda ke sassauta hukunci, tana da iyaka: yunwa larura ce, magani larura ne, ana iya tattaunawa a kan littafin ɗalibin da ba shi da ko sisi, amma ba mu san malamin da ya sa wasa cikin wannan sahu ba. Wanda bai iya saye ba yana da tsofaffin wasanni da ake karyar da farashinsu, yana da waɗanda masu su suka sake don kowa, yana kuma da bari. Mai rumfar da ke karɓar kuɗin samari a kan wasan da aka kwafa, nasa ya fi nauyi, domin shi ya mai da gumin wani jarinsa.

Inda hannunmu ya fi tasiri kuwa shi ne a kan na kusa. Kamfanin Japan ba zai san an kwafi wasansa a Mayahi ba. Amma marubucin littafin Hausa zai sani, mawaƙi zai sani, mai fim ya riga ya sani. A Yawunde ta Kamaru, wasu matasa ƙarƙashin Olivier Madiba sun kafa Kiro'o Games, suka yi shekaru suna fama da ɗaukewar wutar lantarki, suka tara jari hannu da hannu, har suka fitar da wasansu Aurion a 2016, wanda aka gina a kan al'adun Afirka. Da suka tashi sayarwa, a Steam suka kai shi, ta hannun wani kamfanin Faransa, inda masu katin banki ke saye. Yau a Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai 'ya'yanmu da ke koyon wannan sana'a. Duk wanda ya ƙware a cikinsu zai zauna ya yi lissafi kafin ya ba da shekara uku na rayuwarsa ga wasan da zai yi magana da Hausa, mai dokin Sarkin Katsinan Maraɗi ko kokawar gargajiya a ciki. Zai tambayi kansa mutum nawa ne tsakanin Tasawa da Kano za su ba shi ko da jika ɗaya, sa'an nan ya dubi abin da ya sami masu kwalin Ƙofar Wambai.