Ɗakin da aka raba da filinsa

Mai karatu, in aka ciro ɗakin kakanka aka kai shi birni don jama'a su gani, har yanzu ɗakinsa ne?

A garin Lubok, cikin jihar Tekzas ta Amurka, an buɗe wani gidan tarihi a fili a 1976. An bi tsofaffin gandayen kiwon shanu, an ɗauko gine-ginensu, an sake kafa su wuri guda. Akwai gidan bene na mai arziki, ginin 1909. Akwai ɗakin ɗan kiwo, rabinsa rami ne cikin ƙasa, don itace na da wuya a can. Akwai famfon iska mai jawo ruwa.

Sun kyauta da ba su ajiye na mai kuɗi kaɗai ba. Da an bar ɗakin ramin, da tuni ya rufta.

Amma kiwo ciyawa ne, da ruwa, da hanya. Waɗannan ba su shiga mota. Wayar ƙaya ta fito a 1874, ta yi ta tsare daji har hanyoyin shanu suka toshe. Mutanen Komanci kuwa, da suka riga masu shanu zama a filin, an tashe su a 1875. Tantinsu na fata ne, bai bar bangon da za a ɗauka ba. Mai kallo zai iya fita bai tuna da su ba.

In ka je Yamai, gidan tarihi na ƙasa yana da bukkar Fulani da tantin Buzaye. Ka leƙa ciki. Sannan ka tambayi mai tsaron wurin ta wane burtali masu su ke bi.