Ruwan da Baba Ya Ƙi Sha

A garin Roni, cikin masarautar Kazaure, an yi wani dattijo manomi da hawan jini ya kayar ana tsakar girbin gero. Aka kai shi asibiti a Kazaure, daga can aka tura su Asibitin Malam Aminu Kano. Ya dawo gida da shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana kuwa sai an kasa kunne.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Babban ɗansa ya tafi Kano tun 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Jihar Kano, har Allah ya ba shi shago a Kantin Kwari. Na biyun direban babbar mota ne, autan kuma yana karatu a kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure. Sai jinya ta faɗa kan 'yarsa, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida da yara biyu. Ba a zauna an ɗora mata ba. Ita ce dai aka tarar a gida.

Likita ya ce a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya fito. A ba shi maganin hawan jini kullum, a motsa masa gaɓoɓin da suka mutu. Ita ke yin wannan duka, ga dama kunu, ga wankin zannuwan shimfiɗa, ga ɗaukar fo da yi masa tsarki. Alhajin Kwari kuwa ba ya fashin aiko kuɗi. Duk ƙarshen wata sai ya bugo waya: "Saƙo ya shigo? To, a gai da Baba." A majalisa ana ta sa masa albarka, kuma ya cancanta, domin magani ba kyauta ake ba da shi ba. Amma ban taɓa jin kuɗi sun tashi tsakar dare sun juya majinyaci ba.

Ana nan sai Baba ya fara ƙin ruwa. In ta kawo moɗa ya kau da kai, kunu ma sai cokali biyu. Leɓɓansa suka bushe, jiki ya ƙara zubewa. Ta lallasa, ta yi kuka, har ta kai ga ɗaga murya.

Ranar jajiberin Babbar Sallah Alhaji ya shigo gida, ya ji ta tana cewa, "Haba Baba! So kake ka mutu a ce ni na kashe ka?"

Ransa ya ɓaci. "Ke! Uban namu kike wa tsawa? Kin manta Suratul Isra'i ta hana ko tsaki ga iyaye in sun tsufa? Me na rage ku da shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Yaya."

Baffansu, ƙanen dattijon, yana zaure yana jin komai. Ya kira Alhaji ya ce, "Ka faɗi gaskiya, tsawa ba ta dace ba. Saboda haka ta tafi wurin goggonta ta yi kwana uku. Kai da ka san aya, ɗakin naka ne."

Alhaji ya shimfiɗa tabarma kusa da gadon mahaifinsa. Juyi na farko ya ji bayansa ya amsa. Kafin ya runtsa lokacin na biyu ya yi. Can cikin dare sai ya ga Baba yana nuna randa da hannun hagu. Ya ɗebo masa, tsoho ya shanye moɗa guda, ya nemi ƙari. Ba a jima ba ya buƙaci fo. Alhaji ya ɗaga shi, ya yi masa tsarki, ya sauya masa wando, hannunsa na rawa, domin tun da aka fara ciwon nan bai taɓa yi ba.

Dattijon bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba, ranar ma bai kira ba. Ya dai riƙe masa hannu, ya yi ta kokawa da harshe har maganar ta fito: "'Ya mace ce. Kunyarta nake ji."

Nan Alhaji ya gane. Tsohon ya zaɓi ƙishirwa don a rage yawan buɗe masa tsiraici gaban 'yarsa. Ita kuma tana ganin uba yana bushewa a hannunta, ba barci, ba wanda za ta gaya wa. 'Ya'ya maza uku, aka bar ta da aikin da ko mahaifin bai yarda ta yi ba.

Da ta dawo, Alhaji ya tarye ta a tsakar gida. "Ƙanwata, ki yafe mini. Kwana uku sun nuna mini abin da kike sha."

Ta ce, "Ba komai, Yaya," sai hawaye.

Baffa ya tara su washegari, aka raba kwana. Auta zai riƙa zuwa daga Kazaure Asabar da Lahadi, direba ya karɓa duk sanda ya sauke kaya, sauran ranaku a biya wani magidanci maƙwabci ya riƙa yin wanka da tsarki. Ita aka bar mata abinci da magani, aka ba ta jarin ƙuli-ƙuli, aka ce dare nata ne ta yi barci. Baba ya koma shan ruwa, har ya fara zama da matashi a bayansa.

Alhaji ya ɗauki Alhamis da Juma'a. Har yau duk mai nemansa a Kwari a waɗannan ranaku, yaran shago za su ce masa yana Roni.