Kankara Kafin Fenti

A shekara ta 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fitar da wani mutum-mutumin soja na roba mai suna G.I. Joe, tsawonsa inci 12, wanda ake iya lanƙwasa hannuwansa da ƙafafunsa. Irin waɗannan kayan wasa suka bazu a duniya. Yaran da suka yi wasa da su sun girma, wasunsu kuwa suka mai da gyaransu abin sha'awa a lokacin hutu. Sai mutum ya sayi tsohon da fentinsa ya koɗe, ya zauna ya sake masa kama gaba ɗaya.

Yadda suke aikin yana da abin koyo. Da fari mai gyara yakan tsoma mutum-mutumin a ruwan zafi har robar ta yi laushi, ya cire kai da hannuwa. Sai ya wanke shi da sabulu, domin akwai maiƙon da ake shafa wa mazubi a masana'anta, da kuma na hannuwan da suka yi ta taɓa shi. Bayan haka ya kankare shi da samfefa. Sa'an nan ya kwaɓa yumɓun zamani, irin su Milliput da ake yi a Birtaniya, wanda kashi biyu ne ake cuɗawa su taurare cikin 'yan sa'o'i ba tare da wuta ba. Da shi yake gina sabuwar fuska, ko gemu, ko sulke. Fenti shi ne na ƙarshe, ana shafa shi kaɗan-kaɗan, wannan ya bushe kafin a ƙara wani.

Mai gaggawa yakan tsallake wanki da kankara, ya hau fenti kai tsaye. A ranar farko aikinsa yakan yi kyau ƙwarai. Amma da zarar an motsa gwiwa ko kafaɗa, sai fentin ya ɓare, tsohon launi ya leƙo. A mahaɗar gaɓoɓi, inda roba ke gogar roba, a nan asirin aikin ganin ido yake fara tonuwa.

'Yan'uwa cikin Almasihu, wannan ya kawo mu ga wata tsohuwar tambaya: mutum yana sakewa da gaske, ko fenti kawai yake canjawa? Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. Akwai gaskiya a ciki, gama duk mun ga wanda ya yi alkawarin barin fushi ko sha ko ƙarya, bai yi wata guda ba ya koma gidan jiya. Ubangiji Yesu ma ya san wannan irin gyara, shi ya sa a Matiyu sura 23 ya kwatanta Farisiyawa da kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa. Tufafin Lahadi, da murya a ƙungiyar mawaƙa, da iya addu'a a gaban jama'a, duk suna iya zama fenti bisa maiƙo. Wanka da gari ba ya maganin yunwa.

Amma karin maganar ya tsaya ne a iyakar ikon mutum. A Ezekiyel sura 36 Allah ya yi alkawarin cire zuciyar dutsen kanta, ya sa ta nama a madadinta. A Irmiya sura 18 kuma, tukunya ta lalace a hannun magini, bai jefar da yumɓun ba, ya sake gina wata da shi. Dubi Zakka mai karɓar haraji. Sakewarsa ta bayyana daidai inda rayuwarsa take gogayya, wato wajen kuɗi: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya cuta kuma ya mayar masa ninki huɗu.

A nan misalin namu ya gaza, gama roba ba ta iya ƙin samfefa, mu kuwa muna iyawa. Mukan roƙi Allah sabuwar kama, amma mu janye sa'ad da ya kai hannu ga abin da muke ɓoyewa. Furta zunubi kankara ce. Neman gafarar matarka kankara ce, haka ma biyan bashin da ka yi shiru a kansa. Suna da zafi, amma in babu su, duk abin da aka ɗora zai ɓare.

Saboda haka kada ka auna kanka a majami'a, inda kake zaune shiru. Auna kanka a gaɓoɓi: a kasuwa wajen awo, a gida bayan gajiyar yini, a gaban wanda ya ɓata maka rai. Idan tsohon launi ya leƙo, kada ka yi saurin ɗauko fenti. Koma hannun Mai ginin.

Ya Uba, ka wanke mu, ka kankare abin da ba naka ba, ka ba mu haƙurin tsayawa a hannunka har kamannin Ɗanka ya tabbata a cikinmu. A cikin sunan Yesu, amin.