Hanyar Jirgin Sama Da Haƙƙin Waɗanda Ke Kwance Ƙarƙashinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, dattawan Tajaye da Ƙonni da Illela ba su manta da labarin yadda kakanninmu ke zuwa Makka ba. Mutum ya yi ban kwana da iyalinsa irin na wanda ba lalle ya komo ba, ya nufi gabas a ƙasa ko bisa jaki, ya ratsa Borno da Cadi da Sudan, yana noma yana ƙodago a hanya, har ya iske bakin Bahar Maliya. Wani ya yi shekara uku, wani bakwai, wani kuwa can ƙasa ta rufe idonsa. Yau maniyyaci yakan tashi daga Yamai da hantsi, ya sallaci isha'i a Madina. Wannan ni'ima ce wadda ta wajabta godiya. To amma ta zo da tambaya. Mai tafiya a ƙasa yana ganin kowace makabarta da ya wuce, ya tsaya ya yi sallama. Mai tafiya a sama gajimare kaɗai yake gani. Shin da Allah ya naɗe mana tazara, haƙƙin da ke wuyan matafiyi shi ma ya ragu ke nan? Domin mu auna wannan al'amari, za mu ɗauko labarin wani tsibiri mai nisa wanda jirgin sama bai daɗe da fara sauka cikinsa ba.

Sunan tsibirin Sant Helena. Yana tsakiyar tekun Atlantika ta kudu, nisan wajen kilomita 1,900 daga gaɓar Angola, kuma yana ƙarƙashin mulkin Ingila. Faɗinsa murabba'in kilomita 122 ne, mutanensa ba su kai 5,000 ba. Iskar teku tana sa shi zama babu zafi mai tsanani, babu sanyi mai tsanani. Mutanen Fotugal ne suka fara cin karo da shi a 1502, babu kowa a ciki. Saboda nisansa Turawan Ingila suka mai da shi wurin ajiye waɗanda suke jin tsoro: can suka kai Napoliyon, sarkin Faransa, a 1815, can ya mutu a 1821, can suka kai Dinuzulu, sarkin Zulu, a 1890. Har zuwa 2017, mai son zuwa sai ya shiga jirgin ruwa daga birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, ya yi kwana biyar bisa ruwa. Wanda ciwo ya ci ƙarfin likitocin tsibirin kuwa, sai ya jira ranar da jirgin ya zo, in da sauran kwana a gaba.

Gwamnatin Ingila ta kashe fam miliyan 285 wajen gina filin jirgin sama a tsibirin. Aiki ne mai ban mamaki, domin sai da aka fasa duwatsu aka cike wani kwari mai zurfi da su kafin a sami shimfiɗar da jirgi zai sauka. An gama a 2016, amma iska mai juyawa a bakin filin ta jinkirta jigilar fasinja har ranar 14 ga Oktoba 2017, lokacin da jirgin kamfanin Airlink ya sauka daga Johannesbag. Tafiyar kwana biyar ta koma ta sa'o'i kamar shida. Tun a 2016 ɗin aka fara ɗaukar marasa lafiya ta sama zuwa asibitin Afirka ta Kudu, na farkonsu jariri ne. Babu mai hankalin da zai ce wannan ba alheri ba ne.

Sai dai filin jirgi yana bukatar hanyar da za a bi da manyan motoci daga bakin ruwa zuwa wurin aiki, kuma hanyar ta biyo ta wani wuri da ake kira Kwarin Rupert. A 2008, masana binciken tarihi na tono suka haƙa inda hanyar za ta wuce, suka fito da ƙasusuwan mutum 325. Da yawansu yara ne. Wasu an rufe su biyu ko uku a rami guda, wasu da duwatsun ado a jikinsu, wasu haƙoransu a fiƙe bisa al'adar garinsu.

Su wane ne waɗannan bayin Allah? Ingila ta haramta fataucin bayi a 1807, daga baya jiragen yaƙinta suka riƙa tare jiragen da ke tsallakawa da ƴan Afirka zuwa Brazil da Kuba. Daga 1840 zuwa wajen 1872, an sauke mutum fiye da 25,000 a Sant Helena daga irin waɗannan jirage. Sun iso a galabaice, da atini da agana da yunwa, har kimanin 8,000 suka mutu aka rufe su a wannan kwari. Mafi yawan waɗanda suka rayu ba a mai da su gida ba, aka wuce da su gonakin rake na tsibiran Karibiyan aikin ƙodago. Binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2023 ya nuna asalin waɗanda aka auna daga yankin da ke tsakanin arewacin Angola da Gabon ne.

Ga tambaya ta farko: shin an yi laifi da aka tone su? Nan wajibi ne mu yi adalci. Rayayye yana da haƙƙi, jaririn da ke bukatar asibiti yana da haƙƙi, tsibirin kuwa tsaunuka ne, wurin fitar da hanya kaɗan ne. Shari'a ba ta rufe ƙofar ɗauke mamaci daga wuri zuwa wuri ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun halatta shi saboda maslaha, kamar tsoron ruwa ya ci kushewa, bisa sharaɗin kada a keta alfarmar gawa. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin sahabbai biyu daga shahidan Uhudu waɗanda ambaliya ta buɗe kabarinsu bayan shekara 46, aka ɗauke su aka sake musu makwanci. Saboda haka in lalura ta tabbata, aka rasa wata hanya, tonon kansa ba shi ne abin zargi ba.

Abin zargi shi ne abin da ya biyo baya. An zuba ƙasusuwan a akwatuna, aka ajiye su a wani tsohon ɗakin ajiyar kaya a Jamestown, babban garin tsibirin, da alkawarin za a sake rufe su. Aka fasa dutse, aka cike kwari, aka shimfiɗa kwalta, jirgi ya sauka, baƙi suka zo yawon buɗe ido suka koma, akwatuna suna nan. Sai da wasu mutanen tsibirin, tare da wata ƴar Namibiya mai suna Annina van Neel wadda ta zo aikin kula da muhalli a ginin filin, suka yi ta kai gwauro suna kai mari, sannan aka mai da su ƙasa a watan Agusta 2022. Filin jirgi ya ci shekara huɗu ana gininsa, rufe mutum 325 ya ci shekara goma sha huɗu.

Me ya kawo haka? Tsibirin da kansa ya ba mu amsa. A 1840, shekarar da aka fara sauke waɗannan ƴan Afirka, Faransa ta aiko da jirgin yaƙi takanas, aka tone gawar Napoliyon aka kai ta Paris, aka yi mata gagarumin biki. Har yanzu ramin da aka fitar da shi yana nan a killace ƙarƙashin kulawar Faransa, masu sauka daga jirgi suna zuwa kallonsa, alhali babu kome a ciki. Wannan kuwa shi ne mutumin da ya komo da bauta a ƙasashen da Faransa ke mallaka a 1802, bayan an soke ta. Mutum ɗaya mai suna da dangi da gwamnati a bayansa, kabarinsa wofi ya sami mai shara. Mutum dubu takwas waɗanda ba a san sunan ko ɗaya ba, hanya ta bi ta kansu. Ashe ma'aunin da duniya ke auna alfarmar mamaci da shi, shi ne ƙarfin wanda ya bari a raye.

Ba haka aka koya mana ba. A aya ta 70 ta Suratul Isra'i, Allah Maɗaukaki ya ambaci abu biyu a jere: karrama ɗiyan Adam da ya yi, da ɗaukarsu da ya yi a tudu da teku. Wanda ya ba mu abin hawa shi ne ya ba ɗan Adam daraja, bai kuwa keɓe darajar ga ɗa ban da bawa ba. Hadisi ya daidaita laifin karya ƙashin matacce da na karya shi yana da rai. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata baƙar mace mai sharar masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta rasu, mutane suka ga al'amarinta bai kai a sanar da shi ba, suka rufe ta. Da ya rasa ganinta ya tambaya, ya nuna rashin jin daɗinsa, ya sa aka kai shi kabarinta ya yi mata salla. In wani ya ce ai mutanen Kwarin Rupert wataƙila ba Musulmi ba ne, to, mu tuna cewa Annabi ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka faɗa masa ko wane ne, ya tunatar da su cewa ai rai ne.

Wani zai ce: mamaci ba ya jin sanyin akwati, kuɗin da za a kashe wajen rufe ƙashi gara a saya wa rayayye magani. Amsa ita ce, ba a taɓa fasa aikin filin jirgi don a sayi magani ba. Sai da aka zo kan marasa gata aka tuna da tsimi. Sannan yadda al'umma ke yi da matattunta marasa galihu, haka take yi da rayayyunta marasa galihu. Yaron da ya tashi ya ga ana taka kabarin wanda ba shi da kowa, ya koyi darasin da zai yi aiki da shi a kan maraya da baƙo.

To, ya ƴan'uwa, kada mu tsaya ganin laifin Turawa mu manta da gida. Garuruwanmu suna faɗaɗa, ana yanka filaye, ana fitar da hanyoyi, gonaki suna cin daji. In aikin ya iso makabartar da ke da jikokin masu faɗa a ji, kowa ya san za a karkata. In ya iso tsohuwar kushewar baƙi, ko ta makiyaya da suka wuce, ko ta waɗanda ake yi wa gorin asali, sau nawa ake samun mai buɗe baki? Yankinmu bai jahilci maganar bauta ba. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da ita laifin da ake hukuntawa, kuma a watan Oktoba 2008, shekarar da aka tone Kwarin Rupert, kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta ba Hadizatu Mani gaskiya, wadda aka sayar tana yarinya, shari'arta kuwa daga ƙasar Ƙonni ta taso. Wanda aka rena da rai, da wuya a girmama shi a kushewa.

Mu kuma tuna cewa mu jama'a ce ta matafiya. Kakanninmu suna kwance a gefen hanyar Sudan. Ƴaƴanmu masu zuwa bida suna kwance a Libiya da Aljeriya da Kodebuwa. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su, waɗanda suka rufe su ba su san su ba. Duk abin da muke fatan baƙo ya yi wa namu a can, shi ne bashin da baƙon da ke kwance a ƙasarmu ke bin mu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga abubuwa uku. Na farko, limamai da masu gari da dattawa su zagaya su tantance tsofaffin makabartu tun masu sanin wurin suna da rai, a sa musu alama, a shigar da su cikin takardun ma'aikatar magajin gari, domin abin da ba a rubuta ba injin tono ba ya ganinsa. Na biyu, in lalura ta tilasta ɗauke kabari, a tanadi sabon makwanci kafin a sa gatari, a rufe a ranar, kada a bar wa gobe. Na uku, kada a bambanta a wannan tsakanin ɗa da wanda ake kira bawa, ko ɗan gari da baƙo, ko Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Shi kuwa wanda Allah ya hore wa shiga jirgi, ko zuwa Makka ne, ko fatauci, ko neman ilimi, ya sani ƙasar da ya sauka a kanta ba ranar aka halicce ta ba. Akwai waɗanda suka riga shi isowa da wuya, wasunsu a ɗaure. Ya tambayi labarin wurin, ya nemi makabartarsa kamar yadda yake neman kasuwarsa, ya tuna cewa tafiyarsa ta ƙarshe bisa kafaɗun mutane za a yi ta, kuma bai san ƙasar da za ta karɓe shi ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, na gida da na bakin hanya. Allah ya kai matafiyanmu lafiya ya komo da su lafiya, ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu da masu suturta mu. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.