Kafin Ka Cika Kuɗin Jirgin Nan

Ɗana, an gaya mini ka je Yawuri ka ba da kafin alƙalami a kan wani tsohon jirgi mai injin Yamaha, doki 40. An ce iyakar abin da ka gani shi ne an tsoma ƙafar injin cikin duro, an ja igiya sau ɗaya ya tashi, sai ka sa hannu a aljihu. Ban ji daɗi ba. Ba hana ka sayen na hannu nake yi ba, don sabon inji yau ya fi ƙarfin yawancin masu fito, kuma tsohon da aka riƙe da kyau yakan ciyar da gida shekara da shekaru. Gaggawar ce ban so ba, ga ni nan da rai kuma ba ka tambaye ni ba. Wannan ai cinikin biri a sama ne.

Inji a duro ba ya jan kaya. Ko wanda ringinsa ya cinye zai cika maka kunne da ruri, musamman in an ɗumama shi kafin ka iso. Don haka ka koma da sassafe ba tare da ka faɗi lokacin zuwanka ba, ka cire murfin, ka ɗora hannu. In ka ji ɗumi, ka ce a bari sai gobe. Tashin sanyi ne ke nuna lafiyar inji. Da ya tashi, idonka ya koma kan ɗan ruwan da yake tsartarwa ta baya. In yana fita da ƙarfi ba yankewa, famfon ruwan na aiki. In ɗiga yake yi, ko dai ramin ya toshe, ko yashin Kwara ya cinye robar famfon. Robar ba ta da tsada, amma injin da ya daɗe yana aiki da zafi ya riga ya ji jiki a inda ido ba ya gani.

Ka tafi da makanikenka, ba na dillali ba. Dillali la'adarsa yake nema, kuma ban ga laifinsa ba. Makanike ya kwance fulogi biyun ku duba tare: ruwan ƙasa-ƙasa alheri ne, baƙi mai danƙo mai ya yi yawa ko wutar ba ta da ƙarfi, fari fat kuwa zafi ne. In ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi, ɗayan da dauɗa, ka yi zargin ruwa na shiga silindar. Ya kuma sa ma'auni ya gwada matsin kowace silinda. In bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100, aikin buɗe inji ke jiranka.

Wurin da samari suka fi mantawa shi ne ƙafar injin, inda giya take. Ka sa a sassauta sukurun ƙasa, man ya ɗan zubo a tafin hannunka. In ya fito fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga. Yawanci zaren taru ne ko na ƙugiya ke naɗewa a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa, kuma a ruwan masunta irin namu wannan ba baƙon abu ba ne. In ka murza man ka ji ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran giya sun fara ci. Ka juya farfelar da hannu ka ga ko sandarta ta lanƙwashe, don kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka datse Kainji a 1968 har yau suna nan a ƙasa. Farin gari a jikin notuna kuma alamar injin ya sha ruwan gishiri ne, irin waɗanda ake kawowa daga Legas ko Kwatano.

Ka tabbata lambar jikin injin ta dace da ta rasit. Sabon fenti kada ya ruɗe ka, ka danna katakon baya da injin ke rataye a kai, ka ji ko ya ruɓe.

Sannan a shiga ruwa. A ɗora kaya kwatankwacin wanda za ka riƙa ɗauka, a fuskanci ƙarfin ruwa, a buɗe wuta kamar rabin sa'a, a sa giyar gaba, a sa ta baya, a kashe shi da zafinsa a sake tayarwa. Mai kayan da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Na tsananta ne don mutane za ka ɗauka, mata da goyo ranar kasuwa. Ba ka manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba, da gidajen da aka yi ta zaman makoki. Mota in ta mutu a gefen titi take tsayawa, jirgi kuwa ruwa ke tafiya da shi.

Kada ka ƙara ko kwabo sai an yi gwajin nan. In mai jirgin ya ƙi, ka nemi kuɗinka cikin mutunci, in ma ya riƙe wani abu ka bar masa. Ka sa rana, ni da kaina zan raka ka bakin ruwa. Allah ya yi maka albarka.