GINI KO GIDA: ME AKE RUSHEWA IDAN AN ZO GYARAN GARI?

Duk wanda ya taɓa kwana cikin tsohon garin Daura a watan Agusta ya san wani sauti da ba a mantawa da shi. Ruwa zai kwana yana zuba, indararo na ta kwarara, can wajen asuba sai ka ji "rim!" daga wani lungu, ka san katangar wani ta kwanta. Gari na wayewa maƙwabta su taru, in an yi sa'a a yi jaje a ce Allah Ya kiyaye gaba, in kuwa da ƙarar kwana a nufi maƙabarta. Akwai kuma wani abin da ke tsinka zuciyar mai gida kamar wannan sauti, wato ya fito sallar asuba ya iske an shafa wa bangon zaurensa jan fenti, alamar cewa titi zai bi ta nan. Tsakanin waɗannan abubuwa biyu tambayata take: shin hukuma tana da haƙƙin rushe gidan mutum domin amfanin gari? Idan tana da shi, wane bashi ne ya hau kanta a ranar da ta rushe?

Tambayar ta dace da Daura a wannan zamani. Daga 2015 zuwa 2023, lokacin da marigayi Muhammadu Buhari yake shugabancin ƙasa, garin ya sami Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri wadda aka aza harsashinta a 2019, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda aka tsara ya ratsa ta Daura. Baƙi sun ƙaru, filaye sun yi tsada, sababbin unguwanni sun miƙe a bayan gari. Amma a cikin tsofaffin unguwanni irin su Kusugu da Sarkin Yara, har yanzu akwai lungunan da amalanke ke wucewa da ƙyar, da gidajen ƙasa waɗanda kowace damina ke gutsurar rabonta daga jikinsu. Gari ba zai yiwu ya zauna haka ba, rabi sabo fil, rabi yana zagwanyewa.

Bari mu fara da hujjar hukuma, domin kuwa hujja ce mai nauyi. Tun daga gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, har zuwa Tsarin Mulkin 1999, an ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin tituna da magudanan ruwa da kwashe shara da kasuwanni da sanya wa gidaje lamba. Wanda aka ɗora wa alhakin magudana ba zai iya haƙa ta a sama ba, dole ta bi ta ƙofar gidan wani. Idan gobara ta tashi a lungun da motar kashe wuta ba ta shiga, ko mace ta kwana tana naƙuda babu ta inda mota za ta iso, mutumin da ya hana a ja katangarsa baya da ƙafa uku yana da kamasho a cikin abin da ya biyo baya. Barin mutane cikin gidan da zai faɗa musu shi ma zalunci ne, sai dai zalunci ne mai shiru, wanda ba a ganin katafila a cikinsa. Hasali ma tarihin Daura kansa yana goyon bayan wannan hujja. Labarin kaka da kakanni ya ce sarauniya Daurama ce ta taso da mutanenta daga Tsohon Birni zuwa inda garin yake a yau, kuma babban abin da ake tuna Bayajida da shi shi ne buɗe wa jama'a rijiyar Kusugu da a da ba a ɗibarta sai ranar Juma'a. Ashe garin nan da ƙaura aka kafa shi, kuma da aikin amfanin jama'a ya yi suna.

To amma mu ji ta bakin mai gida. Na taɓa raka wani dattijo, aminin mahaifina, ranar da ma'aikata suka zo ƙiyasta gidansa a wani gari na ƙasar Daura. Suka auna tsawo da faɗi, suka ƙirga ɗakuna da ƙofofi da azara, har bishiyar darbejiyar tsakar gida suka rubuta, kuma ban ga sun yi masa ƙwange ba. Da suka tafi ya yi shiru, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, sun ƙirga komai, amma ba wanda ya tambaye ni nawa ne kuɗin maƙwabcin da ke jin tarina da dare ya ƙwanƙwasa mini ƙofa." Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai, domin ta nuna mini cewa Bahaushe yana da kalmomi biyu da ma'aikaci ke ɗauka ɗaya ne. Akwai gini, akwai gida. Gini shi ne tubali da azara da daɓe. Gida kuwa ya haɗa da zauren da ake karatun dare da sulhunta ma'aurata, da masallacin ƙofar gida inda ake cigiyar mutum in ya rasa sallah biyu, da yaran unguwa masu sayen ƙosan matar gida, wanda da cinikinsa ake biyan kuɗin makaranta. Shi ya sa muke cewa "gidan wane" muna nufin zuriya, ko da kuwa soron da suka fito ya daɗe da zama fili.

Doka gini ta sani. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar birane a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama a kanta, sannan ta ba da damar karɓe fili idan buƙatar jama'a ta rinjaya. Diyyar da ta tanada kuwa ta abin da mutum ya aza ne a kan ƙasar, kamar gini da shuka, ban da darajar ita ƙasar kanta. Mai karatu ya duba abin da wannan ke nufi ga talakan cikin gari. Ginin ƙasa da ya shekara 80 ba shi da wani kuɗi a idon mai ƙiyasi, alhali filin da yake kai, a tsakiyar gari kusa da kasuwa da fada, shi ne dukiyar. Sai a biya shi kuɗin abin da ba shi da daraja, a karɓe abin da ke da ita, ya koma bayan gari inda babu ruwa babu ciniki. Titi ya fito sumul, kowa ya amfana, amma mutum ɗaya ne ya biya kuɗin amfanin kowa. A nan ne gyara kayanka ya zama sauke mu raba.

Duniya ta ga ƙarshen wannan hanya. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Legas, ƙarƙashin Raji Rasaki, ta share unguwar Maroko bayan sanarwar kwana bakwai, bisa hujjar cewa wurin yana ambaliya kuma ba shi da tsafta. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum 300,000 suka rasa matsuguni, filin kuwa daga baya ya zama unguwar masu hannu da shuni. An gyara wurin, ba a gyara wa mutanen komai ba. Ko kyakkyawar niyya ma ba ta wadatarwa. A tsakiyar shekarun 1940, shahararren mai zanen ginin nan na Masar, Hasan Fathi, ya gina wa mutanen Gurna da ke kusa da Luksor sabon ƙauye na tubalin ƙasa mai ban sha'awa, don a tashe su daga kan kaburburan zamanin Fir'aunoni. Yawancinsu suka ƙi komawa, domin abincinsu yana can inda suke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai wani labari da malaman tarihin Musulunci suka ruwaito wanda ya taɓa wannan matsala kai tsaye. Sayyidina Umar ya so faɗaɗa masallacin Madina, gidan Abbas ɗan Abdulmuɗɗalibi kuma yana kan hanya. Ya yi masa tayin saye ko musanya, Abbas ya ƙi. Suka kai magana gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, hukunci ya faɗa wa Abbas. Da ya tabbata cewa gidan nasa ne kuma ba za a ƙwace ba, sai ya bayar da shi sadaka. Malaman fiƙihu daga baya sun halatta tilasta sayarwa idan larurar jama'a ta matsa, da sharaɗin biyan cikakkiyar ƙima. Abin lura a labarin shi ne shugaban al'umma ya yarda ya tsaya gaban alƙali da mai gida kafaɗa da kafaɗa, kuma mutum ya ba da kyauta abin da ya hana da ƙarfi. Sau da yawa taurin kan da ma'aikata ke kuka da shi amsa ce ga yadda aka tunkari mutane.

Duk da haka, ba zan wanke masu gidaje tas ba. Ginin ƙasa yana daɗewa matuƙar ana kula da shi. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shaida ne. Iyayenmu sukan yi yaɓe bayan kaka, su shafe soro da makuba ko katsi, su gyara indararo kafin hadarin fari, galibi da aikin gayya. Yau gidan gado ya zama na magada ashirin, wasu a Kano wasu a Abuja, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fitar da kuɗi, an bar gwauruwa da marayu a ƙarƙashin azarar da gara ta cinye. Wasu kuma sun shafe bangon ƙasa da siminti, laima ta maƙale a ciki tana cin tubali a ɓoye. Sa'an nan ga kududdufai, waɗanda daga cikinsu aka haƙo ƙasar gina gari, su ne kuma suke shanye ruwan damina. Mun cike su da shara mun yanka filaye, sai ruwa ya rasa masauki ya shigo ɗakunanmu. Wanda ya yi haka da hannunsa bai kamata ya ɗora wa hukuma laifin duka ba.

Saboda haka amsar da na tsaya a kanta ita ce, hukuma tana da haƙƙin rushewa, amma haƙƙi ne na ƙarshe, kamar yadda likita ba ya yanke ƙafa sai magani ya gaza. Kafin katafila akwai gyara a inda mutane suke. A 1969 birnin Jakarta na Indunusiya ya soma shirin gyara unguwannin talakawa ba tare da tashinsu ba. Aka shimfiɗa ƙananan hanyoyi, aka haƙa magudanai, aka kai famfo da makewayi, sai mutane da kansu suka shiga gyara gidajensu, domin sun tabbata ba za a kore su ba. Irin wannan aiki daidai yake da ƙarfin ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Magudana ɗaya mai kyau a lungu tana ceton katanga fiye da jawabi goma.

Idan kuwa rushewar ta zama dole, to a zauna da mai unguwa da magina da matan gidan tun kafin a zana taswira, kada sai bayan an shafa fenti. A biya mutum abin da zai mayar da shi irin zaman da yake, kuma kuɗin ya shiga hannunsa kafin a taɓa bangonsa. A sake wa maƙwabta matsuguni wuri ɗaya don kada zumunci ya watse. Sannan layin titi ya miƙe a kan kowa. Idan ya lanƙwasa da ya iso gidan mai kuɗi, ya miƙe da ya iso na talaka, to aikin ya tashi daga gyaran gari ya koma wani abu dabam.

Shi dattijon nan ya karɓi diyyarsa ya yi ɗaki biyu na bulo da kwano a bayan gari, kuma ya shaida mini da bakinsa cewa tun da ya koma bai sake tashi tsakar dare yana tara kwano a ƙarƙashin yoyo ba. Amma har ya bar duniya, kullum da la'asar sai ya hau mashin ɗin haya ya dawo tsohuwar unguwa, ya shimfiɗa buzunsa a bakin sabon titi daidai inda zaurensa yake a da, ya zauna da tsofaffin maƙwabtansa har a kira magariba. Allah Ya jiƙansa, Ya ba shugabanninmu ikon auna abin da ba ya shiga takardar ƙiyasi.